Jif Mai Jan Taya Huɗu Ma Tana Buƙatar Sarƙa a Kan Ƙanƙara

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu karanta wannan jarida da ke zaune a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, da waɗanda ke shirin zuwa can karatu ko aiki. Ni direba ne, tuƙi ne abincina, kuma na daɗe ina yin sa a kan hanyoyin da ke ratsa duwatsu a lokacin hunturu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake ji duk shekara daga bakin sababbin zuwa, da zarar mutum ya samu hali ya sayi jif. In ka tambaye shi ko ya tanadi sarƙar taya, wato sarƙar ƙarfen da ake ɗaura wa taya don ta kama ƙanƙara, sai ya ce maka, "Haba malam, ai tawa fowil ce." Wannan amsar tana tayar mini da hankali, domin na ga irin waɗannan motocin da yawa kwance a kwari gefen hanya, ƙafafunsu a sama.

Ban ga laifin mai wannan tunanin ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda Hilux ko Land Cruiser ke fita daga laka ko yashi, a wurin da ƙaramar mota ta kafe tana haƙa rami, dole ya yarda da ita. Aikin fowil ke nan: injin yana raba ƙarfinsa ga tayoyi huɗu maimakon biyu, don haka ko biyu sun rasa abin kamawa, sauran za su tura motar gaba. A kan dusar ƙanƙara ma haka ne. Za ta tashi daga tsaye cikin sauƙi, za ta hau tudun da wata motar ta kasa hawa.

To amma tuƙi bai tsaya a tashi da hawa ba. Akwai tsayawa, akwai shan kwana, kuma a nan fowil ba ta ƙara maka komai. Kowace mota da ke kan titi, har mafi ƙanƙanta, birkinta yana kama tayoyi huɗu ne. Ranar da ka taka birki, kai da mai ƙaramar mota kun zama ɗaya, sai dai ma ka fi shi nauyi, kuma abu mai nauyi in ya fara zamewa ya fi wuyar tarewa. Littafin dokokin hanya na Birtaniya yana gargaɗin cewa a kan ƙanƙara tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya tana iya ninka ta busasshiyar hanya har sau 10. Ka ɗauki ƙato majiyi ƙarfi, ka sa masa silifas ɗin roba, ka tsayar da shi a kan tayil da aka zuba wa ruwan sabulu. Ƙarfinsa yana nan bai ragu ba, amma ƙafarsa ba ta da abin riƙewa. Duk abin da mota za ta yi, ko tafiya ko tsayawa ko juyawa, ta ɗan wurin nan da taya ke taɓa ƙasa take yin sa, kuma faɗinsa a kowace taya bai wuce tafin hannun babban mutum da yawa ba.

Akwai ma wani abin da ya fi wannan muni, wanda ba kasafai ake faɗa ba. Mai motar da ke jan taya biyu yana samun gargaɗi da wuri. Tun daga ƙofar gida, yana taka totur zai ji tayoyinsa suna juyawa a banza, nan take jikinsa zai ba shi cewa yau hanya da santsi, sai ya sassauta. Mai fowil ba ya samun wannan labarin. Motarsa ta tashi lafiya, ta hau tudu lafiya, ya wuce mutane suna fama, zuciyarsa ta gaya masa hanya garau take. Ba zai san halin da titin yake ciki ba sai ya kai gangara, ga kwana a gabansa, ya taka birki ya ji motar tana ci gaba da tafiyarta, ya murɗa sitiyari ya ga hancin motar bai bi ba. A lokacin yana gudun da bai kamata ya kai ba tun farko. Shi ya sa nake cewa mai jif ya fi kowa buƙatar ya san sarƙa.

Sarƙar ba sabon abu ba ce. Wani Ba'amurke mai suna Harry Weed, mutumin garin Canastota a jihar New York, shi ya yi rajistar ƙirƙirarta a 1904, a zamanin da yawancin hanyoyi ba su da kwalta. Yadda take aiki kuwa a fili yake. Roba tana kwanciya ne a saman ƙanƙara, kuma saman ƙanƙarar nan yakan kasance da ɗan laima-laiman ruwa, musamman in sanyin yana kusa da digiri sifili, inda ruwa ke fara daskarewa. Sarƙa kuwa tana tattara nauyin motar a kan 'yan siraran ƙarafa, sai su nutse su ciji ƙanƙarar, ko su tono dusar da motoci suka danne ta yi tauri. Wannan cizon shi ke ba birki da sitiyari abin dogaro.

Kafin in shiga zaɓen sarƙa, dole in ce wani abu kan taya, domin sarƙa abin fitarwa ce ranar da abu ya yi tsanani, taya kuwa kullum tana ƙasa. Robar tayar bazara tana fara sandarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, ko da babu dusa ko ɗigo. Tayar hunturu an haɗa robarta ta yadda za ta zauna da laushi, kuma zanenta cike yake da ƙananan tsaguwa da ke kama ƙanƙara. Ana gane ta da hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusa a tsakiyarsa, a gefen tayar. Akwai tayoyi da yawa da aka rubuta wa M+S kawai, wato laka da dusa. Wannan rubutun ya danganci fasalin zanen ne, ba shaidar cewa an gwada tayar a kan dusa ba. Sannan manyan tayoyin nan masu gaɓa-gaɓa da masu jif ke sha'awa, na shiga laka, suna cikin mafi muni a kan daskararriyar ƙanƙara. A lardin Kubek na Kanada doka ce ma a sa tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ni dai shawarata, tayar hunturu huɗu tukuna, sannan sarƙa a but.

Masu cewa doka ta ɗauke wa fowil sarƙa, rabin maganar suka ji. Mu ɗauki jihar Kalifoniya ta Amurka, inda babbar hanya mai lamba 80 ke ƙetare duwatsun Sierra Nevada ta mashigin Donner, a tsayin da ya haura mita 2,000. Hukumar hanyoyin jihar tana da matakai uku. A mataki na farko, R1, ƙananan motoci masu tayar dusa suna wucewa ba tare da sun ɗaura sarƙa ba. A na biyu, R2, kowa sai ya ɗaura, ban da mai jan taya huɗu da ke da tayar dusa a duk ƙafafunsa huɗu. Nan ne mutane ke tsayawa da sauraro. Abin da suke tsallakewa shi ne, ko a wannan matakin dole sarƙar ta kasance a cikin motar, kuma jami'an da ke shingen suna iya cewa ka nuna, in babu su juya ka. A na uku, R3, babu wanda aka ɗauke wa, ko da yake sau da yawa akan rufe hanyar ne kafin a kai nan. A jihar Kolorado kuma, a kan hanya mai lamba 70 da ke ratsa duwatsu, dokar tanadin kayan kama hanya, irin su tayar hunturu ko sarƙa, tana aiki tun daga 1 ga Satumba har 31 ga Mayu.

A Turai alamar da za ka kula da ita ita ce zagayayyen allo shuɗi mai hoton taya da sarƙa. In ka gan shi a Jamus ko Ostiriya, wajibi ne ka ɗaura aƙalla a tayoyi biyu masu ja, kuma fowil ba ta fitar da kai, sai in an liƙa wani ƙaramin allo a ƙasa da ya ce an ɗauke wa masu jan taya huɗu, kamar yadda ake gani a wasu hanyoyin Suwizalan. Faransa tun 2021 ta sa doka a yankunanta na duwatsu, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris: ko dai tayar hunturu huɗu, ko ka riƙe sarƙa ko safar taya ta yadi a mota. Japan kuwa a Disamban 2018 ta ware sassa 13 na manyan hanyoyinta, inda in dusa ta yi yawa aka kafa alamar, ba mai wucewa sai da sarƙa, ko da tayar hunturu gare shi, ko da fowil ce. A ɗaya ɓangaren, akwai wuraren da doka ta taƙaita amfani da sarƙa saboda tana cin kwalta. Don haka ka nemi dokar inda kake da inda za ka. Wanda zai yi hayar mota kuma ya tambaya tun a kanta, domin kamfanonin haya da yawa ba sa yarda a ɗaura wa motarsu sarƙa.

Yanzu zaɓe. Ba a sayen sarƙa da sunan mota, da lambar taya ake saye. Je ka durƙusa ka karanta abin da ke rubuce a gefen tayar da ke jikin motarka yau, kada ka dogara da abin da ka tuna. Za ka ga wani abu kamar 265/70 R16. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 265. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 70 cikin ɗari na faɗin. Ta ƙarshe girman wili ne, inci 16. A bayan kowane akwatin sarƙa akwai jerin lambobin tayoyin da ta yi wa daidai, kuma sai ka ga taka a jerin, duka ukun, kafin ka biya. "Kusan daidai" ba ya aiki a nan. Wadda ta yi ƙanƙanta ba za ta haɗu ba, wadda ta yi girma za ta riƙa dukan jikin mota. Ko da lambar ta dace, taya mai manyan gaɓoɓi takan fi ta titi kauri kaɗan, don haka gwaji ne kawai zai tabbatar maka.

Abu na biyu ya fi na farko muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa: sararin da ke bayan tayar. Mutum yakan kalli jif ya ga tsayinta daga ƙasa, ya ɗauka akwai fili ko'ina. Murɗe sitiyari har ƙarshe, ka zura hannu ta bayan tayar gaba. A jif-jif na zamani da yawa za ka tarar tsakanin taya da shokozoba yatsu biyu ma da kyar suke shiga. A wannan ɗan lungun ne tiyon man birki ya bi, a nan ne siririyar wayar ABS take, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki. Sarƙa mai kauri in ta kama ɗaya daga cikinsu, ka rasa birki a daidai wurin da ka fi buƙatarsa. Saboda haka littafin da ya zo da motar shi ne alƙali. Buɗe shafin da ya yi maganar sarƙa. Zai gaya maka ko motar tana karɓa, da kaurin da take karɓa, da tayoyin da za a sa wa. Wasu motocin, musamman masu manyan wili da siririyar taya, littafinsu cewa yake kada a sa sam. A Amurka za ka ga an rubuta SAE Class S a kan wasu akwatuna, wato sarƙar da aka yi don motoci masu ƙarancin fili, wadda ke buƙatar sararin milimita 37 a saman taya da 15 a gefenta na ciki. A Turai da kaurin ƙarfen ake magana: milimita 7 ko 9 don matsattsun motoci, 12 na gama-gari, 16 kuma don manyan fowil da motocin ɗaukar kaya. Wanda ya canza tayoyinsa ya sa waɗanda suka fi na asali girma, ya sani ya cinye wani ɓangare na filin da littafin ya yi lissafi da shi.

Game da iri kuwa, tsohuwar sarƙa ita ce mai fasalin tsani, wadda ƙarafanta ke gicciye tayar ɗaya bayan ɗaya. Tana da ƙarfi, tana haƙa sosai a dusa mai zurfi, ana iya gyara ta in ta tsinke. Aibinta, tsakanin wannan ƙarfe da wancan roba ce tsirara ke taɓa ƙasa, don haka tana girgiza mota, kuma ba ta hana zamewa ta gefe yadda ya kamata. Mai saƙar raga, wadda ƙarafanta ke haɗuwa suna ratsa juna, kullum akwai ƙarfe a ƙarƙashin tayar. Ta fi laushin tafiya, ta fi riƙe mota a kwana, kuma na'urar ABS ta fi jituwa da ita. Ita nake ba duk wanda tafiyarsa ta kan titi ce shawara ya saya. Akwai ta igiyar ƙarfe, mai sauƙi da rashin kauri, wadda ke shiga inda sauran ba sa shiga, amma a ƙarƙashin mota mai nauyi ba ta daɗewa. Akwai kuma mai ƙarin haƙora da aka walda a kan ƙarafan, ta masu aikin daji da hanyoyin da ba a sharewa. Wannan a kan kwalta ɓarna take yi wa titi da taya baki ɗaya.

Sai safar taya, wadda ake yi da wani yadi mai ƙarfi a sa wa taya kamar hula. Wani kamfanin Nowe mai suna AutoSock ne ya yi fice da ita. Saurin sawa gare ta, ba ta taɓa komai a bayan taya, kuma ga motar da littafinta ya hana sarƙa, wani lokaci ita ce kaɗai mafita. A kan dusa tana aiki fiye da yadda mutum zai zata. Amma kwalta tana cinye ta nan da nan, a kan gangara mai daskararriyar ƙanƙara kuma ba ta kai ƙarfe ba. Ba ko'ina doka ta karɓe ta a madadin sarƙa ba, sai ka bincika.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, in sarƙa biyu ce gare ni, gaba zan sa ko baya? Amsar tana bin ginin motar. Motoci irin Hilux da Land Cruiser asalinsu da baya suke turawa, gaban ana haɗa shi ne ko yana taimakawa, kuma littattafansu baya suke cewa a sa. Ƙananan jif irin RAV4 kuwa da gaba suke ja yawancin lokaci, sai sun ji santsi suke tura ƙarfi baya, kuma nasu littafin gaba yake cewa. Kada ka bi abin da maƙwabcinka ya yi wa tasa motar.

Amma ya kamata mutum ya san abin da ya rage masa in ya ɗaura biyu kawai. In sarƙar tana baya, motar za ta tura da kyau, bayanta ba zai yi wutsiya ba, sai dai tayoyin gaba, waɗanda su ke juya mota kuma su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki, suna nan a kan robarsu. Za ka iya murɗa sitiyari motar ta miƙe. In kuma tana gaba, sitiyari zai ji magana, amma a gangara kana taka birki gaban zai kafe, bayan da ba shi da abin kamawa ya zagayo ya wuce ka, motar ta juya tana kallon inda ta fito. A cikin biyun wannan na biyu ya fi ba ni tsoro. Idan littafin motar ya yarda kuma akwai fili, huɗu ita ce cikakkiyar amsa ga wanda hanyarsa ta yau da kullum ta ƙunshi gangara mai tsanani. Na san kuɗin ya ninka, wahalar ɗaurawa ma ta ninka. Wanda ke bin manyan hanyoyin da ake sharewa ana zuba musu gishiri don ƙanƙara ta narke, biyu a kan tayar hunturu mai kyau sun ishe shi, muddin ya tuna wane gefen motarsa ne ba shi da sarƙa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ka sayo sarƙa, a ranar za ka ɗaura ta a ƙofar gida, da rana, ƙasa a bushe. Ɗaura, kwance, sake ɗaurawa, har hannunka ya haddace. Dalili shi ne, wurin da za ka buƙace ta da gaske gefen hanya ne, galibi da duhu, iska tana kaɗa dusa a fuskarka, manyan motoci suna wucewa suna watsa maka ruwan gishiri, yatsunka kuma cikin 'yan mintuna sun daina jin komai. Wannan ba wurin buɗe takardar bayani ba ne. A gwajin gida ne kuma za ka gano in an ba ka wadda ba ta dace ba, tun ana iya mayarwa. In matarka ko ɗanka suna tuƙa motar, su ma su durƙusa su koya. A jakar sarƙar ka ajiye safar hannu da ruwa ba ya ratsawa, da tocilar ɗaurawa a goshi, da wata leda mai kauri ta durƙusawa, da riga mai ƙyalli, da ƙaramin shebur, da 'yar waya ta ɗaure abin da ya yi saura.

Wajen ɗaurawa, kada ka jira sai ka kafe a tsakiyar tudu. Yawancin hanyoyin duwatsu suna da filin da aka ware don haka kafin a fara hawa. Shiga can, nesa da layin da motoci ke bi, a wuri mai baje. Ja birkin hannu, sa giya, kunna fitilun nan huɗu masu ƙyaftawa. Shimfiɗa sarƙar a ƙasa ka warware ta sarai, domin ƙarfe ɗaya da ya murɗe ya isa ya hana ta haɗuwa ko ya tsinka ta. Duba ƙugiyoyin da suka riƙe ƙarafan gicciye: bakinsu waje zai kalla, santsin bayansu ne zai kwanta a jikin roba, in ba haka ba za su yi ta cin gefen tayar.

Idan mai tsani ce, ɗora ta a saman tayar ta zubo gaba da baya daidai, cusa bakin gaba a ƙarƙashi, ka matsa da motar kamar rabin mita ta hau kai. Sai ka fara haɗa ƙugiyar ciki, ta bayan taya, sannan ta waje, ka ja iya ƙarfinka, ka kawo robar ɗaurewa ka kama ta a wurare da dama a zagaye don jan ya daidaita. Idan kuma irin ta zamani ce mai zoben igiyar ƙarfe, ba sai ka motsa motar ba. Zura zoben ta ƙasa a bayan tayar, kamo bakinsa biyu ka ɗaga su sama ka haɗa, tura zoben ya faɗa bayan tayar, haɗa ƙugiyoyin waje, waɗanda galibi an shafa musu launi don kada a ruɗe, sannan ka zaro sarƙar ja ta ƙasa ka tsuke. Wadda ke tsuke kanta da kanta ba a ƙara mata roba. Kada ka sace iskar taya don sarƙa ta shiga. Duk wani saura da ke lilo, ɗaure shi da waya.

Daga nan ka yi tafiya kaɗan, abin da bai kai kilomita ɗaya ba, ka tsaya ka sake tsukewa. Wannan tsayawar ta biyu mutane ke ƙi saboda sanyi, kuma ita ce ke raba sarƙar da za ta kai ka da wadda za ta fasa maka jikin mota. Sarƙa tana zama ne bayan tayar ta juya, sai ka ga wadda ka ja da ƙarfi ta yi sako-sako.

Da sarƙa a ƙafa, kilomita 50 a awa shi ne iyaka. A Jamus doka ce, kuma yawancin masu ƙerawa haka suke rubutawa, wasu ma ƙasa da haka. Tashi a hankali, kada ka bar tayoyi su yi ta juyawa a wuri ɗaya, domin hakan ke tsinka ƙarfe. A gangara sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, ko da mai canza giya da kanta ce, birki ya zama ɗan taimako. In ka taka birki ka ji yana bugun tafin ƙafarka, ABS ce ke aikinta, kada ka ɗaga. Kula da gadoji da wuraren da inuwar dutse ta rufe, nan ruwa ke fara daskarewa, har ya yi kama da jiƙaƙƙiyar kwalta. Wanda motarsa ke da makullin da ke haɗe tayoyin baya su juya tare, ya bar shi don fita daga inda ya kafe, kada ya shiga kwana da shi a kan ƙanƙara, zai tura motar ta miƙe. In kuwa ka ji wani abu yana dukan ƙarfe, kaf-kaf-kaf, tsaya a wuri na farko da ba hatsari. Ƙarfe ne ya tsinke, kuma kowane juyi yana neman tiyon birkinka.

Da ka fito kan baƙar kwalta, nemi wuri ka cire. Busasshen titi yana cinye sarƙa, yana tsawaita birki, yana lalata taya. Masu Hilux da ire-irenta su tuna su fitar da motar daga fowil a nan ma, domin irin nasu yana tilasta wa gaba da baya su juya da gudu ɗaya, kuma a kan titi mai kamawa wannan yana murɗe furofela da giya. In ka isa gida, wanke sarƙar da ruwa don gishirin hanya ya fita, shanya ta ta bushe, duba ko akwai ƙarfen da ya suɗe ya yi siriri, fesa mata ɗan mai, sannan ka mayar da ita mota. Wadda aka cusa a jaka da jiƙonta, baɗi dunƙulen tsatsa za a tarar.

Abu guda da ya shafi rai kai tsaye, ga wanda duk da haka ya kafe ko aka rufe hanya yana kai: in za ka bar injin a kunne don ɗumi, fita ka share dusar da ke bakin salansa, ka riƙa sake dubawa. In ta toshe, hayaƙin yana komawa cikin mota, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take sa mutum.

Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan uwa mazauna waɗannan ƙasashe, da shugabannin ɗalibai, su ware yini ɗaya a watan Oktoba, a filin ajiye motoci, waɗanda suka iya su nuna wa sababbin zuwa yadda ake ɗaurawa, kowa da motarsa da littafinta da sarƙarsa. Ranka ya daɗe, in da hali a buga wannan wasiƙa kafin Nuwamba ta kama, lokacin da dokokin tayar hunturu na Faransa da Ostiriya ke fara aiki.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya tsare mu a kan hanya.

Naka,
Wani direba mai karanta ku daga ƙasar sanyi